Saƙon godiya bayan jinyar Hajiyarmu

Alhamdulillahi. An sallamo mahaifiyarmu daga asibiti, ta dawo gida Daura da ƙafafunta. A madadin 'ya'yanta da jikokinta nake miƙa wannan godiya.

Ciwon ya taso mata ne cikin dare, a saman ciki, yana sukarta har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Kwanciya ta gagara, sai ta zauna ta dunƙule gaba take ɗan samun sassauci. Duk wanda ya leƙo sai ya ce olsa ce. Allah Ya saka wa Kawu da alheri, shi ya ce a bar zancen magani a gida, ya tada mota muka kama hanyar Katsina kafin asuba.

A Asibitin Koyarwa na Tarayya gwajin jini ya nuna sinadarin lifes, mai narkar da maiƙo a ciki, ya haura ninki 3 na yadda ya kamata. Likita ya ce fankiriyas ce ta kumbura, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Aka sa mata ƙarin ruwa da allurar kashe zafi. Amma ya gaya mana ƙarara cewa sanin sunan ciwo bai wadatar ba, sai an gano abin da ya tada shi, in ba haka ba zai dawo.

Nan godiyata ta fi nauyi ga baiwar Allahn da ta yi mata sikanin. Karon farko iska ta cika hanji, hoton bai fito sosai ba. Ba ta rubuta sakamako don ta rabu da mu ba. Ta sa aka maimaita da safe cikin Hajiya babu abinci, tana juya ta gefen hagu tana cewa, "Sannu Mama, ja numfashi ki riƙe." Can ta juyo mana da allon, ga ƙananan tsakuwoyi kwance a cikin maɗaciya, kowace da inuwarta a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ce ta gangaro ta toshe mahaɗar bututun maɗaciya da na fankiriyas.

Mun matsa a yi hoton CT, wato na babbar na'urar nan mai nuna cikin jiki dalla-dalla, tun ranar farko. Likitan ya zaunar da mu ya ce ɓarnar da ake nema a jikin fankiriyas ba ta cika bayyana ba sai bayan kamar awa 72, kuma tunda tana samun sauƙi babu dalilin kashe kuɗin. Wallahi na ga amana a wurin mutumin nan. Da ciwon ya lafa aka yi tiyata aka cire maɗaciyar kafin sallama.

Muna godiya ga nas-nas na ɗakin mata da suka kwana a tsaye, da Gwaggo da ba ta bar gefen gado ba, da 'yan uwa da abokan kasuwa da suka haɗa gudummawa ba tare da mun buɗe baki ba, da liman da jama'ar masallacin unguwa da suka sa ta a addu'a. Allah Ya biya kowa da mafificin alheri, Ya ba marasa lafiyar da muka baro can lafiya.

Masu son zuwa dubiya, bismillah bayan la'asar. Don Allah a haƙura da kawo soye-soye da abinci mai maiƙo a yanzu, kunu da lemo ma sun isa.