Kafin ku tsallaka katangar tsohon asibiti

Ƙannena masu yawon ɗaukar bidiyo a kangaye, na ga abin ya zama yayi a Jos. Mu ma mun yi namu muna samari, sai dai lokacin ba waya, ƙwaɗayin ɗauko kaya ne kawai yake kai mu.

A wani tsohon asibiti da aka rufe wajen Bukuru na tsinci ma'aunin hawan jini irin na da, mai akwatin ƙarfe da dogon gilashi a tsaye. Na kai shi gida, na ɓalle gilashin don in ga ruwan azurfar da ke ciki. Ya zube a siminti, ya tarwatse ƙanana-ƙanana yana gudu, ƙannena suna bin sa da yatsa suna dariya. Daga baya na sa tsintsiya na share. Ashe zaiba ce, kuma sharar ta fi zubewar muni, domin tsintsiya ƙara farfasa ta take yi ta shige tsagar ƙasa, tana fitar da tururin da ba a gani ba a jin wari, mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A wannan ɗakin muke kwana, ga sanyin Jos, taga a rufe ruf. In ta zube muku, ku fitar da yara, ku buɗe tagogi, ku tattara ta da kwali zuwa kwalba mai murfi.

Ba kowane abu mai ban tsoro ne ke da haɗari ba. Injin hoton ƙashi, duk girmansa, ba ya fitar da komai in ba wuta. Tukunyar nan mai murfi da kusoshi da agogo a kai kuwa ta dafa almakashi da wuƙaƙen tiyata ce. Rigar nan mai nauyin tsiya ta ɗakin hoton ƙashi dalma ce a cikinta, kada ku yanka. Mutanen Zamfara sun san dalma: a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400. Silin ɗin asbesto da ya rufto kada ku tattaka, ƙurarsa huhu take zama. Allura da fasasshen gilashi ba sai na faɗa ba.

Wanda nake so ku riƙe da kyau shi ne ƙarfe mai tambarin farfela mai fuka-fukai uku a kan launin rawaya, ƙarami amma mai nauyin gaske. Yana iya zama kan injin gashin ciwon daji irin na da, wanda ba irin na hoto ba ne: sinadarin cikinsa yana fitar da haskensa mai kisa, wato radiyeshan, ko da wuta ko babu. A Satumban 1987, a garin Goyaniya na Brazil, wasu mutum biyu suka shiga asibitin da aka yasar, suka turo kan irin wannan inji a baro, suka sayar wa ɗan gwangwan. Shi kuma ya ga wani gari kamar hoda a cikinsa yana ƙyalli shuɗi da dare, ya raba wa dangi don sha'awa. Siziyom-137 ne, sinadarin da ke fitar da radiyeshan a injin. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6 da ta ci abinci da garin a hannunta. An gwada kusan mutum 112,000, aka samu 249 abin ya taɓa su. Ku ƙiyasta irin wannan ƙarfe ya isa wajen 'yan gwangwan a Dilimi, an sa masa guduma. In kun ga tambarin, ku ja da baya, ku sanar da hukuma. Akwai NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, a Abuja, wannan aikinta ne.

Sannan kango ma da mai shi. Ku nemi izinin maigadi ko hukumar wurin, ku je da rana, kada mutum ya tafi shi kaɗai. Katunan marasa lafiya da za ku gani warwatse a ƙasa kuwa, kada ku haska su ga kyamara. Sunayen iyayen wasu ne da cututtukansu, kuma 'ya'yansu suna nan cikin gari suna kallon TikTok ɗin da kuke ɗorawa.