Garejin Kawu

Gareji na mota ɗaya shi ne aiki na farko da aka damƙa a hannuna bayan na gama difloma a fannin gine-gine. Gidan kawuna ne a Rijiyar Zaki, cikin Kano, fuloti mai ƙafa 50 da 100. An gina ɗakunan tun da daɗewa, aka bar ɗan fili a gaba, gefen get. Kawu ya sayi Corolla 'yar Kwatano, rana ta fara cin fentinta, robar gaban sitiyari ta fara tsattsagewa. A hunturun 2021 ya kira ni ya ce, "Ɗana, ga aiki ya same ka a gida. Ka yi mini inda motar nan za ta riƙa kwana."

Na ɗauko tef na auna motar. Tsawonta mita 4.5 da ɗan ɗoriya, faɗinta kusan mita 1.8. A daren na zana ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2.5, na lissafa bulo goma-goma a kowane murabba'in mita na bango, na fitar da adadin siminti da yashi da rodi. Raina ya yi fari da lissafin, domin na ga na rage wa Kawu kashe kuɗi.

Birkilan da Kawu ya ɗauko dattijo ne, furfura ta cinye gemunsa, shi ya gina gidan tun farko. Ya karɓi takardata da hannu biyu, ya duba, bai ce uffan ba. Muka kafa turaku, muka ja igiya, ya sa yaronsa ya zuba toka a kan layin. Lebura ya ɗaga diga ke nan sai dattijon ya dakatar da shi.

"Injiniya, kafin a haƙa, a shigo da motar mu gani."

Na ce, "Baba, ai na auna ta."

"Na sani. A dai shigo da ita. Kuma Hajiya ta shiga gaba."

Aka cire igiyar bakin, Kawu ya shigo da motar ya tsaya a tsakiyar tokar, daidai yadda na zana. Baba ya ce, "Hajiya, bismilla, fito." Ta tura ƙofa, ƙofar ta tsallake layin tokar tun ba ta kai rabin buɗewa ba. A inda na sa bango, ratar da ke tsakaninsa da jikin mota ba ta kai taku ɗaya ba. Baba ya zagaya baya ya buɗe but, ya tsaya kamar mai sauke buhu, sai ga dugadugansa a wajen layi. Ya dube ni ya ce, "Ka auna mota, Injiniya. Saura mutanen da ke cikinta."

Wannan magana ita ce na fi riƙewa a duk aikin. Ƙofar mota tana bukatar kusan mita guda kafin ta buɗe sosai. Mai fitowa kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne: ga goyo, ga kwandon cefane, ga tsohuwa da sai an riƙe mata hannu, ga babbar riga ranar Juma'a wadda ba a so ta goge bango. Baba ya ƙara tambayar Kawu ko a kan Corolla zai dawwama. Kawu ya yi murmushi ya ce iyali na ƙaruwa, ransa na kan Sienna. Sienna da Hilux duk sun haura mita 5. Muka share tokar da ƙafa, muka mayar da ɗakin mita 6.5 da mita 3.5. Tsayin ƙofar da na sa mita 2.1 muka ɗaga shi zuwa 2.4, saboda ranar da za a ɗaure kaya a saman mota za a tafi ƙauye. Bakin shiga ma sai da muka faɗaɗa, domin layin gidan matsattse ne, mota ba ta samun damar miƙewa kafin ta shigo, a karkace take shiga.

Akwai shawarar da wani maƙwabci ya kawo, wai a turo bangon gaba waje kaɗan a hau kan kwata, tunda kowa haka yake yi. Kawu ya ƙi, kuma na ji daɗin ƙin nasa. Hanya ta jama'a ce, kwata kuma ta ruwa ce. A Kano hukumar tsara birane, KNUPDA, ce ke ba da izinin gini, kuma duk mai yawo a gari ya sha ganin jan fenti a bangon da ya shiga titi. Ko ba don hukuma ba, wanda ya toshe kwata gidan na ƙasa da shi ya tura wa ruwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a daɓe na yi shi, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. A makon da za a zuba kankare an yi wa Baba rasuwa a garinsu, ya tafi. Na ce aiki ba zai tsaya ba. Abin da aka koya mini na yi shi yadda ya kamata: muka yi ciko da jar ƙasa, muna zubawa kaɗan-kaɗan muna yayyafa ruwa muna dannewa, muka shimfiɗa leda, muka ɗora ragar waya, muka kwaɓa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, muka zuba kaurin inci 5. Da yake iskar hunturu tana shanye ruwan kankare kafin ya kama, sai ya tsattsage, na rufe shi da buhunan algarara, ina ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Na kuma hana Kawu shigar da mota, na ce kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Ya yi haƙuri ya jira. Daɓen ya fito sumul, ko tsaga ɗaya babu.

Abin da ban yi ba shi ne fita waje in dubi titi. Lebur ɗina, wato awon tsayin daɓen, daga tsakar gida na ɗauko shi, na yi daɓen a miƙe kamar na ɗakin kwana. Ban lura cewa layin ya ɗara gidan tudu ba. Haka unguwanninmu da yawa suke: duk shekara mutanen layi su yi karo-karo su zuba jar ƙasa ko ɓaraguzai saboda taɓo, titi yana hawa, gidaje suna nan inda suke. A watan Agustan 2022 aka yi ruwa mai ƙarfi da dare. Da asuba Kawu ya kira ni. Na je na tarar da ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a garejin har idon sawu, da leda da yayi da duk abin da kwata ta amayo, ya jiƙa ƙasan bango, ya fara neman hanyar tsakar gida. Hajiya da yara suna kwarfewa da bokiti. Kawu bai yi mini faɗa ba. "Allah ya kiyaye gaba" kawai ya ce, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Na je na sami Baba na gaya masa. Ya zo da tiyonsa, siririn nan mai garai-garai da ake cika wa ruwa don a gane inda ya fi tudu. Ya ba ni baki ɗaya na tsaya a ƙarshen garejin, shi ya fita da ɗaya bakin har tsakiyar titi, muka yi alama a bango inda ruwan ya tsaya. A nan na ga bambancin da idona. Gyaran ya ci kuɗi: muka sassare fuskar daɓen, muka ƙara wani a kai mai gangara zuwa waje, kusan santimita 2 a kowace mita, muka yi ɗan tudu a bakin ƙofa, muka haƙa ƙaramar hanyar ruwa a gabansa mai murfin ƙarfe wadda ke zubawa a kwata. Ƙarin tsayin ƙofar nan da muka yi tun farko shi ya cece mu, da ba haka ba sai an fasa linta. Tun daga ranar, duk ginin da zan fara, ina tambayar maƙwabta ta ina ruwa ke bi a watan Agusta, kuma ina neman tabon da ya bari a bangayen layin.

Rufi bai ba mu wahala ba. Mun ɗaga kwanon sosai saboda zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, muka ɗaure katakon da langa-langa a jikin bim, kankaren da ke saman bango, don iskar farkon damina, muka juya indararo cikin gida kada ya zuba a na maƙwabci. A saman bango biyu masu fuskantar juna muka jera bulo mai huji don iska ta ratsa.

Inda na tsaya kai da fata, har da Baba ban saurara masa ba, shi ne maganar janareta. Da aka gama ginin, Kawu ya ce ga wuri ya samu, a shigo da injin ciki, ɓarawo ba zai gani ba, ruwa ba zai taɓa shi ba. Baba ma ya ce ai akwai hujin iska. Amma bangon garejin na baya jingine yake da ɗakin yara, kuma akwai ƙaramar ƙofa da ke shiga tsakar gida kusa da tagarsu. A hayaƙin injin fetur akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga jini ta tare gurbin iskar da muke shaƙa. Mai barci ba ya farkawa ya ce ya ji wani abu. Duk wanda ke sauraron labarai a ƙasar nan ya taɓa jin an wayi gari da iyali guda sun rasu a ɗaki, janareta na aiki a kusa da su. Na ce, "Kawu, ka yi mini aikin gafara, amma wannan ba zan sa hannu ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in nuna inda nake so. Muka sa mai walda ya yi keji na ƙarfe a can kusurwar fili, a sarari, nesa da tagogi, bakin salansa na kallon waje. Na kuma roƙe shi ya daina dumama mota da safe ƙofa a rufe, domin hayaƙin iri ɗaya ne.

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai ga jarkokin fetur sun fara taruwa a garejin. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Soket ɗin da na sa sama da ƙugu ya yi amfani a nan, amma duk da haka na matsa aka rage jarkokin, aka mai da su inuwa a waje, aka rataye abin kashe gobara a bakin ƙofa, aka ajiye bokitin yashi a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abin da babu wanda ya faɗa mini, a makaranta ko a wurin aiki: a gidan Bahaushe, duk inda aka yi rufi aka sa ƙofa, kaya za su same shi. Ba a shekara biyu ba sai da garejin ya cika. Buhunan masara da gero da aka kawo daga gona, tsohuwar katifa, kekunan yara, manyan tukwanen biki, ragowar tayil, tabarmi, har ragon layya ya yi kwanaki a ciki. Wata rana na zo na tarar da motar a waje cikin rana, inda take tun kafin a fara aikin. Ban ga laifin kowa ba. Gidan ba shi da sito, kuma ni da na zana ban tambayi inda waɗannan kaya suke zama ba.

Hatsin ne ya fara jawo asara. Ɓeraye suka biyo shi, daga buhu suka koma cikin injin mota saboda ɗumi, suka cinye wayoyi, sai da aka kira mai gyaran wayarin. Wannan ya sa Hajiya da kanta ta ce a yi wani abu. Muka yanki mita ɗaya da 'yan kai a gefen garejin ta waje muka yi ƙaramin sito mai ƙofarsa daban, aka zuba hatsin a durom masu murfi. A cikin garejin kuma muka kafa doka ɗaya: ban da tayar mota, ba abin da zai taɓa ƙasa. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo ƙarfe, mai walda ya yi kantoci a bangon ƙarshe. Abin da ake ɗauka sau ɗaya a shekara, kamar tukwanen biki, ya hau can sama. Abin da ake nema kullum, jak da sifana da famfon taya da man inji, ya zauna daidai hannu. Guba da maganin sauro da ruwan batir suka shiga akwati mai kwaɗo saboda yara. Kekuna muka rataye su a ƙugiya. Na kafa allon katako, na buga ƙusoshi, na zagaye siffar kowane ƙarfe da fenti, ta yadda in an ɗauki filaya ba a mayar ba, gurbinta zai nuna. Ƙaramin ɗan Kawu ne ya fi kowa son allon nan, shi ke bin yayyensa yana cewa a mayar da sukudireba gidanta. Muka raba tsohuwar taya biyu muka manna a bango daidai inda ƙofar mota ke bugawa, muka kafa guntun katako a daɓe inda tayar gaba za ta tsaya.

Kawu ya sayi Sienna ɗin bara, ta shiga ba a taɓa ko bulo ɗaya ba. Baba ya daina hawa gini, ƙafa ta matsa masa, amma tiyon nan yana wurina, shi ya ba ni.

A makon jiya wani mutum a Ɗorayi ya kira ni zai yi gareji, ya ce zai turo mini awon motar ta waya. Na ce ya bari, zan zo ranar Asabar da igiya da toka, motar ta kasance a gida. Na tambaye shi su wa ke shiga cikinta. Ya ce shi da maiɗakinsa da yara huɗu, sai mahaifiyarsa da ake kaiwa asibiti duk wata, a keken guragu take. Na ce to keken ma a fito da shi.