Ginshiƙan da suka ba ni kunya a cocin Wesley

Juma'ar nan zan tattara komatsaina daga ofishin da na yi shekara biyu ina koyon aikin adana tsofaffin gine-gine a Landan. Cikin duk abin da ya ratsa teburina, rahoton cocin Wesley na titin City Road ne ya ƙi barin raina.

Oga ne ya ba ni shi a matsayin gwaji, in rubuta tarihin ginin in gabatar gaban baƙi. George Dance ƙarami ya zana cocin, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1778, kabarin John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ma yana bayansa. Ginin bulo ne, da bene a ɓangarori uku domin kowa ya hango mai wa'azi ya ji muryarsa, don a wurin 'yan Methodist wa'azin ne kan gaba. Wesley da kansa ya ce ginin tsaf yake amma ba na ƙawa ba ne. Na karanta wannan maganar, har na sa ta a shafin farko, sai dai ba ta shiga kaina ba.

Ginshiƙan da ke riƙe da benen suka ɗauke mini hankali, na dutsen jasfa daga Faransa, sumul suna sheƙi. Shafi uku na ɓata ina yaba wa Dance kan zaɓensu. Oga ya bari sai da na kai aya, sannan ya tambaye ni cikin sanyin murya: mutumin da ya ce gininsa ba na ƙawa ba ne, ina ya samo kuɗin jasfa? Aka kwashe da dariya. Ashe sai a 1891 aka kafa su, lokacin cika shekara 100 da rasuwar Wesley, kyauta daga cocin Methodist na ƙasashen waje. Na asalin itace ne, dogayen sandunan jiragen ruwa da Sarki George na Uku ya bayar, kuma wasunsu suna nan tsaye a zauren shiga. Sau huɗu na wuce su ban ɗaga kai ba.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Ni da na tashi ina ganin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, lulluɓe cikin sabon gini, bai kamata a koya mini cewa ginin da ake ibada a ciki ba ya zama yadda aka bar shi ba. Amma rahoton ya yi mako guda a teburin Oga kafin ranar. Ya karanta, har waƙafi ya gyara mini, ya bar ginshiƙan ya jira a tara mutane. Wai haka shi ma aka koya masa.

Na koma cocin da littafin rubutu, ina tambayar kowane abu shekarunsa. Mumbarin hawa uku ne a da, aka rage tsawonsa a 1864. Silin ɗin kwaikwayo ne, gobarar 1879 ta lalata na farko. Gilasan tagogi masu launi daga baya suka zo. An rufe ginin a 1972 saboda ya zama haɗari, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1978, daidai shekara 200.

Sauran darussan gajeru ne. Ka fara da zaure kafin ka shiga ciki. Ka gaisa da masu gadi da masu shara, sun fi takarda sanin inda ruwa ke yoyo. Ka ajiye kwafin duk abin da ka miƙa wa na sama da kai, da kwanan watansa.

Rahoton da na sake rubutawa shi ake ba sababbin masu koyon aiki yanzu su karanta a makonsu na farko. Sunan Oga ne a sama, nawa yana ƙasa da ƙananan haruffa.