Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Bazarar Sanƙarau

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya sa ni lakwal. Ban cika shekara biyu a can ba aka shiga 1995, shekarar da sanƙarau ya ratsa Nijar, kuma bai tsallake Damagaram ba.

A unguwar Birni muke lokacin, mu bakwai a ɗaki guda mai ƴar taga ɗaya. Ƙurar hunturu ta gama busar da hanci da maƙogwaro, zafin bazara ya ɗora. Sai da na girma na gane nan ne ƙwayar cutar take samun ƙofa: ta bi tari da atishawa daga wannan zuwa wancan, ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Auta ya dawo daga wasa da la'asar yana kukan ciwon kai. Kafin isha'i jiki ya yi zafi rau, ga amai. Inna ta ce a tafi likita. Iya, kakarmu, ta ce iska ce, a yi hayaƙi a sha rubutu tukuna. Ban taɓa ganin laifinta ba, abin da ta taso ta gani ke nan. Amma dai mun kwana.

Da asuba Inna ta tallafo ƙeyarsa za ta ba shi koko, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, sai ka ce an ɗaura masa sanda. Baba ya saɓa shi a kafaɗa, ina biye da takalmansa a hannu.

"Malam, tun yaushe?" in ji majo, babban ma'aikacin jinya.

"Tun jiya, likita."

Bai ƙara magana ba. Aka duƙar da yaron, aka ɗebo ruwan bayansa da doguwar allura. Ruwan da ya kamata ya fito garai, sai ga shi kamar na wankin gero. Nan take aka yi masa allurar kloramfenikol, mai kaurin nan kamar mai.

Auta ya tashi. Bayan sallama da ƴan kwanaki, Inna ta kira shi ta baya, bai waiwayo ba. Ta saki kwanon sha a ƙasa, kaji suka watse, shi yana ta wasansa da ƙasa.

Da masu rigakafi suka zo lakwal, ni da na saba haura katanga in na ji an ce allura, ni ne na farko a layi. Rigakafin MenAfriVac kuwa, wanda ya karya lagon sanƙarau nau'in A, sai 2010 ya iso Nijar.

Ruwan farko na sauka cutar ta lafa. Baba ya fara tambayar inda ake koyar da yaron da ba ya ji. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.