Littafin Baba mai baƙin bango

Lokacin da na je Amurka karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, na kama hayar ɗaki a birnin Baltimore, a gidan wani dattijo baƙar fata, malamin makaranta mai ritaya wanda ya haura shekara 70 kuma matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Ban daɗe ba na fara kiransa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana. A falonsa akwai wani ƙyalle baƙi mai ratsin ruwan gwal da haruffan Girka guda uku a jiki, kuma sau ɗaya a wata wasu dattawa sukan zo su ɗauki Baba zuwa taro, suna gaisawa da wani irin musafaha da ban taɓa gani ba. Gabana ya faɗi da farko, domin duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san gargaɗin da iyaye kan yi game da ƙungiyoyin asiri na ɗalibai, waɗanda sunansu ya haɗu da sara da suka da zubar da jini. Na yi makonni ina shawarar in nemi wani masaukin, sai dai kunyar mutumin da ya karɓe ni hannu bibbiyu ta hana ni.

Baba da kansa ya lura da ɗari-ɗarin da nake yi, ya zaunar da ni ya ba ni tarihin abin. Ƙungiyarsu ita ce Alpha Phi Alpha, wadda ɗalibai baƙaƙe bakwai suka kafa ranar 4 ga Disamba, 1906, a Jami'ar Cornell da ke jihar Niyok, a zamanin da ɗalibi baƙi yake zama saniyar ware a tsakanin fararen fata, ba mai gayyatarsa cin abinci, ba mai jan sa cikin rukunin karatu. Sun fara ne a matsayin masu haɗuwa su yi bita, su riƙe juna kada wani ya gaji ya ajiye karatu. Daga baya aka kafa wasu irinta, kamar Kappa Alpha Psi da Omega Psi Phi a 1911, da Phi Beta Sigma a 1914, wadda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka shiga lokacin da suke karatu a Amurka. Ya faɗa mini da alfahari cewa Martin Luther King ya shiga tasu a 1952 yana ɗalibi a Boston, haka ma Thurgood Marshall, wanda ya zama alƙali baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1967, ɗan ƙungiyar ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa kammala jami'a ba ya raba mutum da ƙungiyar, domin a kusan kowane babban gari akwai reshen tsofaffin ɗalibai, kuma a nan ne mafi yawan rayuwar zumuncin take gudana.

Manyan sunaye ba su ne suka sauya mini tunani ba. Wani littafi ne mai baƙin bango da Baba yake ajiyewa kusa da wayar tarho a ɗakin girki. A cikinsa ya rubuta sunan kowane ɗan reshensu, da na matarsa da 'ya'yansa, da ranar haihuwarsa, da cutar da take damunsa idan yana da ita, da asibitin da yake zuwa. Kowace Lahadi da yamma yakan zauna da tabarau a hanci ya bi shafukan, ya kira mutum biyar ko shida, wani ya yi minti biyu da shi, wani ya shafe rabin sa'a yana sauraron kukan da yake yi da ciwon gwiwa. Na taɓa tambayarsa ko duk abokansa ne na ƙut da ƙut. Ya ce mini: "Ɗana, akwai waɗanda ko shayi ba zan zaɓi in sha da su ba, amma na yi alkawari tun ina ɗan shekara 19, kuma alkawarin bai ce sai wanda jinina ya haɗu da nasa ba." A ajin jami'a a daidai wannan zangon ana koya mana cewa kaɗaici yana cikin abubuwan da ke gajarta kwanan tsofaffi, sai ga shi ina dawowa gida ina tarar da maganin abin a rubuce da biro.

Na halarci bikin auren jikar ɗaya daga cikinsu, wadda ta auri wani matashi ɗan ƙungiyar. Ana tsakiyar liyafa aka yi kira, sai maza kusan arba'in suka miƙe, daga masu furfura da sanda har zuwa samarin da ba su daɗe da gama karatu ba, suka kewaye ango da amarya, suka sarƙe hannuwa suka rera waƙarsu. Abin ya yi kyau, amma ni na fi riƙe abin da na gani kafin ranar, wato yadda suka raba ɗawainiya tun wata biyu baya: wannan zai ɗauko baƙi daga filin jirgi, wancan zai ba da ɗakunan gidansa, wani kuma ya nema wa angon aiki a garin da za su zauna.

Mutuwa ce ta nuna mini zurfin al'amarin. A cikin hunturun shekarata ta biyu aka kira Baba da asuba aka ce wani ɗan reshensu ya rasu, mutumin da na san sun yi shekaru ba sa jituwa, saboda wata tsohuwar gardama a kan kuɗin tallafin karatu da reshen yake bai wa yaran unguwa. Na zaci zai yi ta'aziyya ta waya ya wuce wurin. Kafin ƙarfe takwas ya sa kwat ɗinsa baƙa, ya ce in taimaka in tuƙa shi, domin ƙanƙara ta rufe titi kuma idanunsa sun fara rauni. A gidan mamacin muka tarar da uku daga cikinsu sun riga mu, ɗaya yana share ƙanƙarar ƙofar gida da shebur, ɗaya yana zaune da matar yana taya ta neman takardun inshora, na ukun yana waya da masu shirya gawa. A al'adarsu ba sa cewa ɗan'uwa ya fita daga ƙungiya idan ya mutu, sukan ce ya koma reshen Omega, wato harafin ƙarshe na Girka, reshen da aka keɓe wa waɗanda suka riga mu. Kafin jana'iza suka yi masa nasu bankwanan, suka jeru gaban akwatin riƙe da furen wardi rawaya, wanda shi ne furen ƙungiyar. Ni Musulmi ne kuma ba ɗan ƙungiya ba, don haka na tsaya daga baya ina kallo, na ga Baba yana kuka a kan mutumin da bai taɓa yabonsa a gabana ba.

Bayan mako biyu, lokacin da 'yan ta'aziyya suka watse, 'ya'yan mamacin suka koma garuruwan da suke aiki, Baba ya buɗe littafin nan. Bai goge sunan ba. Ya ja layi ƙarƙashinsa ya rubuta na matar, aka tsara wanda zai kai ta asibiti ranar Talata da wanda zai leƙa ya duba na'urar ɗumama gida. Har na bar garin ba a daina ba.

Ba zan ɓoye cewa waɗannan ƙungiyoyi suna da tabonsu ba. Azabtar da sababbin shiga ya jawo raunuka har da asarar rayuka a jami'o'in Amurka, abin da ya sa ƙungiyoyin baƙaƙe suka soke tsohon tsarin ɗaukar mambobi a 1990, kuma Baba da kansa yana ganin wannan al'ada cin amanar waɗanda suka kafa su ce. Kuɗin shekara da ake biya ma yakan yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, kuma akwai masu shiga don neman hanya da suna kawai.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na juya na dubi kaina. Mu da muke cewa zumunci a ƙafa yake, mu da muka tashi muna ganin iyayenmu suna bin gawa har maƙabarta suna zaman makoki na kwana uku, ni ne na bar zumuncin 'yan ajinmu na sakandare ya koma zauren WhatsApp. A cikin wannan hunturun wani abokin kwanana na makarantar kwana ya rasu, wanda muka yi shekara shida muna cin gari da ƙuli a kwano ɗaya, kuma duk abin da na yi shi ne na rubuta "Allah Ya jiƙansa" a ƙarƙashin saƙonni sama da ɗari masu irin wannan lafazi. Ban san sunan matarsa ba, ban san 'ya'yansa nawa ba, kuma da na bincika sai na gane kusan babu wanda ya sani a cikinmu.

Da na dawo gida, kafin in kama aiki, na nemi ƙaninsa ya raka ni gidan. Na tarar da yara huɗu, babbar tana shirin jarrabawar fita sakandare ba a biya mata kuɗin rajista ba. Na yi wa mahaifiyarsu gaisuwar da ta makara da wata goma sha ɗaya, ta amsa ba tare da ta nuna mini komai ba, ta sa aka kawo mini ruwa. A hanyar komawa na tsaya a shagon littattafai na sayi littafi mai kauri, na rubuta sunan marigayin a shafin farko, da na matarsa da na yaran a ƙarƙashinsa, sannan na fara kiran 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowa inda yake zaune da yawan iyalinsa. Mu 62 ne muka gama tare, kuma zuwa yanzu na samu 41.