Darussan kai baƙi Agra: a fara da duba rana da sa'a

Duk wanda ya daɗe yana shirya wa baƙi ziyarar Agra, birnin Indiya da Taj Mahal yake, ya san cewa kuskuren zaɓen rana ne ya fi ɓata tafiya. Mutanenmu da ke zuwa Delhi neman magani ko karatu sukan ware Juma'a, su ce a haɗa kallo da sallah a masallacin Taj Mahal, ginin farin dutse mai kubba da sarki Shah Jahan ya gina a kan kabarin matarsa. Ranar kuwa wurin a rufe yake ga masu ziyara, mutanen gari kaɗai ake bari su shiga sallah. Shi ma jirgin ƙasan Gatimaan, da ke tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin ya isa Agra cikin minti 100 ko kusa da haka, ba ya tafiya ranar Juma'a.

Sai kuma sa'a. Ana buɗe ƙofar Taj Mahal rabin awa kafin fitowar rana, don haka wanda ya kwana a Agra shi ke ganin farin dutsen da sanyin safiya, kafin cunkoso. A Disamba da Janairu lissafin kan juye: hazo daga kogin Yamuna yakan lulluɓe kubbar har hantsi, mutum na tsaye a gabanta ba ya ganinta. A wannan lokaci gara a jinkirta. Mayu da Yuni kuwa zafi na wuce digiri 40.

Layi yakan tsaya cak ne saboda jaka. Ba a shiga da abinci, taba, ko ƙafar ɗora kyamara, kuma mota mai mai ba ta matsowa kusa, sai mai batir. Tikiti na awa 3 ne, shiga cikin kubbar kuma yana da ƙarin rupi 200. A saya tun farko, kada a isa bakin matakala a dawo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ratsa babbar ƙofa da gudu don ɗaukar hoto. A tsaya a ɗaga kai. Suratul Fajri ce aka dasa da baƙin dutse cikin fari, aikin gwanin rubutu Amanat Khan, kuma haruffan sama sun fi na ƙasa girma domin mai karatu daga ƙasa ya gan su daidai wa daida. A ciki, kaburbura biyun da ake kewayawa alama ce kawai. Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a 1631, da mijinta Shah Jahan suna kwance a ɗakin ƙasa.

Kada a bar ganuwar Agra, wadda sarki Akbar ya fara ginawa da jan dutse a 1565, tafiyar kilomita biyu da rabi daga Taj Mahal. A nan Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har rasuwarsa a 1666. Daga hasumiyar ganuwar da ake kira Musamman Burj ana hango Taj Mahal a bakin kogi, kuma da la'asar aka fi ganinta tsaf.