Babu kujerar mai hamonika a okestra

Kowace babbar ƙungiyar kiɗan Turawa, wadda suke kira okestra, tana da kujerun da aka san masu su: masu biyolin (gogen Turawa) a gaba, masu sarewa da obo (algaitar Turawa) a tsakiya, masu ƙaho da ganguna a can baya. A nan Jamus inda nake zaune, zama a kan irin wannan kujera aikin albashi ne, da hutun shekara da fansho. In wani ya yi ritaya sai a buga sanarwa, matasa su yi layi, kowa ya busa nasa alƙalai na saurare. Mai hamonika, ɗan ƙaramin abin busan nan mai jerin hudoji da ake zamewa a baki, ba shi da kujera ko ɗaya a cikinsu. Ba wanda zai yi ritaya ya bar maka gurbi, don ba a taɓa yin gurbin ba.

Abin da na fara gaya wa ɗan yayata ke nan. Yana karatun injiniya a Maleshiya, ƙasar da ake ji da wannan abin busa ƙwarai, har yara 'yan makaranta suna da ƙungiyoyinsa. Ya je ya ga wasu samari suna busa kiɗan Bach, shahararren marubucin kiɗa na Jamus, da hamonika mai maɓalli, shi ke nan hankalinsa ya tashi. Ya san ina busawa, sai ya bugo mini waya: "Kawu, in mutum ya dage, ana iya cin abinci da wannan?" Na ce masa ana iyawa, amma waɗanda suka yi hakan tun daga shekarun 1930 zuwa yau ba su da yawa, kuma kusan kowannensu sai da ya share wa kansa hanya da hannunsa. Ni kaina da rana gyaran injinan ɗakin gwaje-gwaje nake yi. Busa da koyar da yara aikin yamma ne da ƙarshen mako, abin da ke shigowa daga nan ba ya biyan hayar gida.

Kafin zancen kuɗi, sai an san abin busan. Hamonikar da aka fi gani a hannun yara da masu kiɗan bulus (blues) na Amurka tana da hudoji 10, kuma akwai sautukan da babu su a cikinta. Mai maɓallin kuwa hudojinta 12 ne, da harsunan ƙarfe 48 a ciki waɗanda iska ke kaɗawa su ba da sauti, ko hudoji 16 da harsuna 64. Kowace huda na da sauti huɗu: in ka hura, ɗaya, in ka zuƙa, ɗaya, in ka danna maɓallin da ke gefen dama, kowannensu ya hau da rabin mataki. Da haka take ba ka duk sautukan da ke kan fiyano, farare da baƙaƙe, shi ya sa za ta iya ɗaukar kiɗan da aka rubuta wa biyolin ko sarewa.

Wahalar tana cikin numfashi. Mai algaita kumbura kumatu yake yi ya riƙe iska tana fita ba yankewa, yana shaƙa ta hanci. Mu kuwa rabin sautukanmu da zuƙa ake samunsu. Da haruffa ake kiran sautukan: a huda ta farko C hurawa ce, D zuƙa. A ta biyu E hurawa, F zuƙa. Ke nan in kana hawa daga sauti zuwa sauti, iskar tana juyawa kusan a kowane mataki, kuma duk juyi yana barin ɗan tsagi da kunne ke ji. Mai biyolin zai ja baka sau ɗaya ya fitar da dogon layi sumul kamar zare. Kai kuwa sai ka yi shekaru kana koyon ɓoye wannan tsagin. Akwai 'yar dabara: F ana samunta ta hanya biyu, ko ka zuƙa, ko ka hura da maɓalli a danne, haka ma C. Don haka takardun kiɗana cike suke da zanen fensir, a kan kowane layi na rubuta inda zan bi don kada iskar ta juya a tsakiyar magana. Wanda bai damu da wannan ba, ko da yatsansa ya fi walƙiya sauri, makaɗan okestra suna jin layi biyu za su gane cewa ba a wurin ya girma ba.

To ta yaya na farkon suka shiga, tunda ba ƙofa? Larry Adler, haifaffen Baltimore a 1914, a gidajen wasan barkwanci da raye-raye ya fara, ya yi suna tun bai iya karanta rubutun kiɗa ba. A lokacin kallon kayan wasan yara ake yi wa hamonika, har ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ba ta lissafa mai busa ta a cikin makaɗa ba sai a ƙarshen shekarun 1940. Abin da ya sauya masa matsayi shi ne manyan marubutan kiɗa sun fara rubuta masa nasa na kansa. Darius Milhaud na Faransa ya rubuta masa a 1942. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sa sunansa cikin waɗanda ake zargi da kwaminisanci, aiki ya ƙafe masa a Amurka, ya koma Ingila da zama. A can Ralph Vaughan Williams, yana dab da shekara 80, ya rubuta masa wani kiɗa na hamonika da fiyano da masu tsirkiya a 1951, Arthur Benjamin ya biyo a 1953, Malcolm Arnold a 1954. In ka duba na Vaughan Williams za ka ga a kan D mai sauka ya gina shi, wato daidai jerin sautukan da hamonika ke bayarwa in an danne maɓalli. Tsohon ya zauna ya fahimci abin busan kafin ya ɗauki alƙalami.

John Sebastian, shi ma ɗan 1914 daga Philadelphia, wannan hanyar ya bi. Alexander Tcherepnin ya rubuta masa a 1953, sannan Heitor Villa-Lobos na Brazil ya rubuta masa kwanceto a 1955, wato kiɗan da mutum ɗaya ke jan gaba okestra na mara masa baya. Sai a 1959 aka fara kaɗa shi, a birnin Ƙudus, a shekarar da marubucin ya rasu. Har gobe wannan kwanceton ne mabuɗin ƙofa. Shugaban okestra da bai taɓa jin sunanka ba ya san sunan Villa-Lobos, kuma da shi zai sayar da tikiti. Robert Bonfiglio na Amurka, wanda ya yi karatu a wurin gwanin hamonika Cham-Ber Huang, a kan wannan kiɗan ya gina yawancin sana'arsa, ya busa shi ɗaruruwan lokuta a ƙasashe daban-daban.

Amma in an tambaye ni wanda ya kamata mai koyo ya sa a gaba, Tommy Reilly zan ce. An haife shi a Guelph ta Kanada a 1919, kuma biyolin ya je karanta a Leipzig. Yaƙi ya same shi a can a 1939, Jamusawa suka kama shi, ya yi sama da shekara biyar a tsare. A cikin wannan zaman ne ya ɗauko duk abin da ya sani na biyolin, yadda ake jan layi, inda ake numfasawa, yadda ake karkarwar sauti, ya ɗora a kan hamonika. Adler ɗan wasa ne, yana son a kalle shi, kuma ya iya. Reilly makaɗi ne kawai. In ka rufe ido kana sauraronsa sai ka manta da wane abu yake busawa. Michael Spivakovsky ya rubuta masa kwanceto a 1951, Gordon Jacob da James Moody ma sun rubuta masa, ya kuma yi faifai da ƙungiyar Neville Marriner, shahararren jagoran okestra na Ingila. A 1967 ya sa aka ƙera masa hamonika ta azurfa zalla, don ta kasuwa ba ta ba shi ƙarfi da zurfin da yake nema a babban zaure. Ɗalibinsa Sigmund Groven na Norway, ɗan 1946, ya ci gaba daga nan, har ya busa a Carnegie Hall, shahararren zauren kiɗa na New York, a 1990, da hamonikar azurfa ta hannu irin wadda Georg Pollestad ke ƙerawa a ƙasarsu. Irin waɗannan dubban Yuro ake sayensu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi Reillyn ma ba kwanceto ne ya ciyar da shi kullum ba. Rediyon BBC ne, da kiɗan fina-finai, da na shirye-shiryen talabijin. A ɗakin ɗaukar sauti ba wanda zai jira ka. A miƙo maka takarda da safe, jan fitila ta kunnu, ko ka karanta nan take ko gobe a kira wani. Shi ya sa na ce wa yaron nan, kafin ya yi mafarkin zaure mai kujera dubu biyu, ya iya karanta rubutun kiɗa kamar yadda yake karanta saƙon waya. Kuma ya nemi malamin sarewa ko na obo ko na biyolin ya riƙa kai masa darasi, don su ke da al'adar ɗaruruwan shekaru ta yadda ake furta layin kiɗa. Malamin hamonika zai nuna maka inda sauti yake. Waɗancan za su gaya maka ko abin da ka busa kiɗa ne.

Akwai kuma hidimar ƙarfen kansa, wadda ba mai yi maka. A kan kusan kowane harshe akwai ɗan siririn marufi na roba da ke hana iska zurarewa. In ka hura numfashi mai ɗumi cikin hamonika mai sanyi, raɓa ta taru, marufin ya manne, sai ka ji sautin ya maƙale sannan ya fashe da "ɓas", ko ya riƙa zuzu kamar ƙuda ya shiga. A hunturun nan, kafin in hau dandamali a wani ƙaramin coci ko zauren gari, hamonikar tana cikin hamatata a ƙarƙashin kwat, ina tsaye kamar mai ciwon haƙarƙari, mai fiyano tana kallona tana dariya. Ba a cin gyaɗa ko goro kafin busa, sai an goge haƙora. Harsunan kuma suna gajiya, sautinsu ya sauka; sai ka kwance murfi, ka zura siririn ƙarfe a ƙarƙashin harshen, ka ɗan kankare bakinsa da zarto mai laushi har ya dawo daidai. In ka zarce ka lalata shi. Mai fiyano yana da mai saita masa, kai kuwa kai ne makaɗi kai ne makaniki, da 'yar jakar sukundireba a aljihu.

Game da gasa, akwai su, kuma ba na raina su. A Trossingen, garin nan na Jamus da Matthias Hohner ya kafa masana'antarsa ta hamonika a 1857, ana yin bikin hamonika na duniya duk shekara huɗu, a nan ne kuma aka buɗe makarantar koyon akodiyon da hamonika a 1931. Yasuo Watani na Japan a can ya yi karatu, ya ci gasar 1989. A Asiya akwai bikin da aka fara a Taipei a 1996, kuma gaskiya yanzu ƙarfin abin ya koma wancan ɓangaren, Hong Kong da Taiwan da Japan da Koriya ta Kudu da Maleshiya. CY Leo na Hong Kong ya ci ta Trossingen a 2013 yana saurayi. Sai dai masu sauraro a gasar hamonika masu hamonika ne. Su tafa maka, su saya maka kofi, kowa ya koma gida. Mutumin da ke tsara jadawalin okestra na shekara biyu masu zuwa ba ya cikin zauren, kuma kofin da ka ci bai san da shi ba.

Shi ya sa shawarar da na fi nanata masa ba ta gasa ba ce. Na ce ya gama injiniyancinsa tukuna, don uwarsa ba za ta yafe mini ba in ya bari. Sannan ya shiga sashen kiɗa na kowace jami'a da ke kusa da shi, ya nemi ɗaliban da ke koyon rubuta kiɗa, waɗanda su ma ba mai kaɗa musu abin da suka rubuta. Ya zauna da su ya nuna musu abin da hamonika ke iyawa: sauti biyu a lokaci guda ta hanyar toshe hudojin tsakiya da harshe, tsalle daga kusurwar baki zuwa ɗaya kusurwar, waɗanne sautuka ke haɗuwa a hura, waɗanne a zuƙa. Yawancinsu ba su taɓa riƙe ta ba, za su rubuta abin da ba ya busuwa, ya mayar musu su gyara. Ya kuma sami mai fiyano ko mai jita guda ɗaya da za su daɗe tare, su haɗa shiri na minti 60 wanda za su iya kaiwa ko'ina da mota ɗaya. Okestra tana gayyatar baƙo irinmu jefi-jefi ne, amma ƙananan zauruka da makarantu da ofisoshin jakadanci suna neman mutum biyu masu araha a duk shekara.

Ya ce, "Kawu, to makirufo fa? Na ga wasu suna cewa busa da shi ha'inci ne." Na ce masa a ƙaramin ɗaki da fiyano ba ya bukata. Amma a gaban makaɗa 60 babu ƙaramin ƙarfen da zai yi gogayya da ƙahonni, kuma manyan ma suna amfani da shi. Ya dai sayi nasa, ya san tazarar da ta dace da bakinsa, ya je zauren da wuri ya zauna da mai kula da sauti kafin makaɗa su iso, don akasarinsu da sun ji an ce hamonika sai su saita ta irin ta bulus, mai kaifi da tsatsa, kuma sai ka roƙe su su rage.